Aron Layi na Huɗu

Ofishin Gona, Boɗinga
7 ga Nuwamba, 1983

Zuwa ga taubashina Mode ɗan Kawu Tukur, mai tsaron buhunan taki a siton Shagari, wanda ke kiran kansa ubangijina ba da wata hujja ba sai don ubansa ya riga uwata zuwa duniya.

Bayan sallama irin ta addini da gaisuwa irin ta zumunta, ina fatan kana lafiya, kai da Hasiya da yara, ina kuma fatan ƙafar Kawu ta yi sauƙi. Mu nan lafiya muke, in ka cire sabulu da ya zama abin kallo a kasuwa.

Ka gyara zama, domin zancen da ke tafe ya fi ƙarfin wanda ya saba hira da buhu. Ka sani tun da aka shiga tsuke bakin aljihu Manaja ya kafa doka cewa layi na ɗaya na rediyon oba-oba, wanda ni da kai muke magana a kai, ba a faɗin komai a cikinsa sai zancen taki da iri. Ni Na'Allah, da na yi kwas na wata uku cur a Kaduna a kan wannan na'ura, an mai da ni aku: "Taki ya iso? Oba. Bai iso ba. Oba." Ko ina kwana an hana. Al'ummar da ta hana gaisuwa don tattalin batir ta kama hanyar rushewa, kuma masana tarihi za su gaskata ni.

To, na yi bincike. Na'urarmu layi shida gare ta. Na huɗu na malaman lafiya ne, da shi aka ce ɗakunan shan magani na ƙauyuka ke kai rahoto. Kwana tara ina murɗawa can ina kasa kunne, safe da rana, ban ji ko tarin akuya ba. Layi ne kwance, kamar gonar da aka girbe.

Me al'ada ta tanada game da gonar da aka girbe? Makiyayi ya shiga da shanunsa su ci kara, bai rage wa mai gona komai ba, in damina ta kawo kai ya kaɗa dabbobinsa ya fita. Iska kuwa ta fi gona albarka, don ba a taɓa jin wanda ya yi magana har ta ƙare ba.

Bisa ga haka na tsara ƙa'idoji uku, waɗanda nake kyautata zaton wata rana za a koyar da su a jami'a. Ta farko, kafin in danna maɓalli zan saurara gwargwadon ƙirga sittin. Ta biyu, magana gajeruwa, a saki maɓalli bayan kowace jimla, domin ka san wanda ya danne maɓalli ba ya jin kowa. Ta uku, in mai layi ya yi ko gyaran murya, mu watse.

Lokaci shi ne ƙarfe goma na safe, sa'ad da Manaja ke fita karin kumallo. Ba a ambaton suna. Ni ne Shaho. Kai kuwa na yi dogon nazari na zaɓa maka Jaɓa.

Direba Maniru zai miƙa maka wannan hannu da hannu. Ka karanta ka ɓoye.

Naka, wanda ya fi ka ilimi,
Na'Allah

*

Siton Taki, Shagari
21 ga Nuwamba, 1983

Zuwa ga bawana Na'Allah, ɗan mace.

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. Ƙafar Baba ta yi dama, yana takawa har masallaci.

Kwana goma sha ɗaya ke nan Jaɓa na amsa wa Shaho, kuma na yarda abin da daɗi. Amma ƙa'idarka ta biyu ta rasu tun rana ta uku, Allah ya jiƙanta. Ran Juma'a na aza agogo: tambayar lafiyar jakinmu kaɗai ta ci minti huɗu, ban samu na sa baki ba sai da shayina ya huce.

Na yi wa Baba zancen. Ya ce shekara guda bai ga ɗan ƙanwarsa ba, in dai gaske ne murya na tahowa ta iska daga Boɗinga, a kai shi ya ji da kunnensa. Ka sa rana.

Sai dai ga wani abu, kuma wanga ba wasa ba ne. Duk sa'ad da na murɗa layi na huɗu ina jiranka, nakan ji wata murya can ƙasa-ƙasa, ta mace, kamar mai magana daga gindin rijiya. Ba na kama kalmominta. Da ka danna maɓalli sai ta ɓace, da ka saki sai in ji ta kamar tana maimaita abu ɗaya. Kai kana jinta daga can? In mai gona ce, bawana, to shanunmu cikin hatsi suke.

Ubangijinka,
Mode

*

Ofishin Gona, Boɗinga
28 ga Nuwamba, 1983

Zuwa ga Jaɓa.

Bayan gaisuwa da murnar sauƙin Kawu, na karanta tatsuniyarka ta matar rijiya, na kuma yaba da ƙoƙarinka. Amma ba a cizon mumini sau biyu a rami ɗaya. Ban manta ba bara ka aiko mini da saƙo, shi ma da "wanga ba wasa ba ne" a kansa, cewa wani shehi daga Masar na jirana a Sifawa don ya ji ra'ayina a kan nahawu. Na saka babbar riga, na tuƙa keke cikin tsakar rana, na tarar da mai sayar da tsintsiya. Duk abin da taubashi ya rantse a kai, a nan ƙaryar take kwance.

Alal haƙiƙa ilimi ma ya ƙaryata ka. Eriyata ta fi kukar bakin kasuwa tsawo. In mace ta yi atishawa a layi na huɗu, ko daga ina take, ni zan fara yi mata addu'a. Kullum ina ƙirga sittin ɗina, kullum shiru. Abin da kake ji tsatsar eriyarka ce, wadda na samu labari kana shanya gwado a kanta.

Ka kawo Kawu ranar Alhamis, takwas ga Disamba. Ka shimfiɗa masa buzu kusa da na'ura. Kwana biyar ina tsara gaisuwar da ta dace da shi, tun daga kakanninsa har zuwa tumakinsa. Game da ƙa'ida ta biyu kuwa, ka sani an kafa ta ne don tsara da tsara. Ba a yi wa kawu gaisuwar tsaye, ko da ta iska ce.

Naka,
Shaho

*

Siton Taki, Shagari
16 ga Janairu, 1984

Zuwa ga ɗan'uwana Na'Allah.

Bayan gaisuwa, kowa lafiya. Tun da sojoji sunka dawo munka ajiye Shaho da Jaɓa ban rubuto ba, don ba ni da abin faɗi. Yau ina da shi, kuma da na so ba ni da shi. Ka lura ban kira ka bawana ba.

Ka san ofishin lafiya na bayan sitonmu, katanga ɗaya ta raba mu. Ran Alhamis da hantsi wata mata ta sauka daga kan jaki a ƙofarsu. Malama Ramatu ce, wadda ke riƙe da ɗakin shan magani na Horo Birni ita kaɗai. An kira ta ne don sunanta ya shiga jerin waɗanda za a kora. Laifinta, mako tara ba a ji rahotonta ba. Ina tsaye bakin katanga na ji ta da akawunsu, Malam Husaini.

Ta ce, "Malam Husaini, ka ji tsoron Allah. Kullum ƙarfe goma ina kira. Ba kai ka ce goma ba, don ba ka kunna taku na'ura sai daga goma zuwa goma da kwata?"

Ya ce, "Ni abin da ya shigo kunnena nake rubutawa. Ƙarfe goma wani babban mutum ke magana."

"Wane babban mutum?"

"Ina na sani? Mutumin da ke cewa bisa ga haka da alal haƙiƙa ai ba ƙarami ba ne. Har lafiyar jakin talakawa yana tambaya, irin na masu neman ƙuri'a. Na ɗauka daga Sakkwato ne. In ya fara ni miƙewa nake yi."

Ta ce, "Kai kana tsaye, mu muna haƙa kabari."

Ga abin da na gane daga baya. Maɓallin Husaini ya lalace tun damina, ba a samu kayan gyara ba, saboda haka saurare kawai yake ya rubuta, shi ya sa ba ka taɓa jin amsarsa ba. Ita kuwa tsohon batirin mota take amfani da shi, muryarta da ƙyar take isowa Shagari, ba ta taɓa kaiwa Boɗinga ba. Taka na'ura in ta buɗe baki, tata sai ta nutse. Shirun da ka yi kwana tara kana saurare ba shirun layi ba ne. Kai ne ba ka ji.

Ƙyanda ta shiga Horo Birni farkon Disamba. Ranar takwas ga wata, ranar Baba, tana kira a aiko mata da maganin ido da allura. Gaisuwarka ta ci minti goma sha bakwai, ba ka saki maɓalli ba ko sau ɗaya. Ta yi ta kira a ƙarƙashinka har batirinta ya mutu, bai kuma sake tashi ba. Shi ya sa tun ranar ban ƙara jin matar rijiya ba, har na ce a raina ashe kai ke da gaskiya. Takarda biyu ta aiko da 'yan kasuwa, Husaini ya danne su don tsoron babban mutum.

Kwamitin korar ma'aikata zai zauna ran Litinin, talatin ga wata. Husaini ya tsorata, yanzu cewa yake bai taɓa jin komai ba sai iska. Ita kuwa abu ɗaya ta riƙe: babban mutumin ya gai da wani Malam Tukur na Shagari. Dariya suke yi mata, wai ta ƙirƙiri aljani don ta rufe lalacinta.

Naka,
Mode

*

Boɗinga
19 ga Janairu, 1984

Zuwa ga ɗan'uwana Mode.

Bayan gaisuwa, ba zan ce ina lafiya ba. Tun da Maniru ya miƙo mini takardarka ban ci tuwon kirki ba. Atika na tambayata ko zazzaɓi ne, na ce mata e, don ban san sunan wannan ciwo da zan faɗa wa matata ba. Jiya Manaja ya ce in tambayi Sifawa ko iri ya isa, na danna maɓalli na tambaya na saki nan take.

Duk da haka wajibi ne mai hankali ya dubi al'amari ta kowace fuska. Na bi ƙa'ida ta farko, Allah shaida ne, ban taɓa tsallake sittin ɗina ba. Wanda ya saurara bai ji ba, shin za a haɗa shi da wanda ya ji ya take? Wannan mas'ala ce da malamai za su iya saɓawa a kanta. Kuma Tukur a Shagari sun fi tsuntsayen gero yawa.

Mode, mu ma akwai jeri a ofishinmu. In aka ji na hau layin da ba nawa ba, ba takardar tuhuma za a ba ni ba, ƙofa za a nuna mini, ga yara biyar.

Ga shawarar da na yanke. Zan rubuta wa kwamiti takarda ba suna, da sa hannun Mai Kishin Gaskiya, in bayyana musu a ilmance yadda babbar na'ura ke danne ƙarama. Wannan zai wanke ta ba tare da ya jiƙa kowa ba. Kai kuma ka ƙone takarduna duka, har da wannan. Kada Kawu ya ji.

Na sake karanta abin da na rubuta a sama, kuma ban ji daɗin mutumin da ya rubuta shi ba. Amma ba ni da wani.

Naka,
Na'Allah

*

Shagari
24 ga Janairu, 1984

Na'Allah,

Muna lafiya. Ban ƙone komai ba. Na karanta wa Baba takardunka tun daga ta farko, don sunansa ne ke yawo a bakin kwamiti, yana da haƙƙin ya sani.

Da na kai wajen makiyayi da gonar da aka girbe sai ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya nan. Wane makiyayi ya gani? Baffa Jaɓɓo shekara talatin shina shigo da shanu gonata, bai taɓa tsayawa daga kan tudu shi ce ban ga kowa ba. Zuwa shikai har ƙofar gida shi yi sallama, shi ce Malam, kun gama kwashewa? In na ce da saura, shi koma. Wanga yaro ya ɗauki rabin al'ada ya bar rabin da ke da wuya."

Da na kai wajen Mai Kishin Gaskiya ya ce, "Takarda marar suna jaki ne marar mai shi, kowa na iya kora tai."

Sannan ya koma kan gaisuwar da ka yi masa. Ka san tun ranar nan yake ba mutane labari a ƙofar masallaci, ɗan ƙanwarsa ya gaishe shi ta iska har da kakanninsa bakwai. Ya ce, "Ashe ina zaune bisa buzu ina jin daɗi, ɗiyan mutane na makancewa. Ni anka yi wa gaisuwar, har da ni za a tambaya."

Ran Litinin zai ɗauki sandarsa ya je gaban kwamiti ya ce shi ne Tukur ɗin. Na roƙe shi saboda ƙafarsa, ya ƙi. Ni ma zan je, don na ji matar da kunnena, na faɗa sau ɗaya, da ka yi mini dariya na yi shiru.

Bai ce a kira ka ba. Ya ce kada in roƙe ka. Motar Maniru na tashi daga Boɗinga bayan asuba.

Mode

*

Lambun Gwaji, Dingyadi
6 ga Fabrairu, 1984

Zuwa ga ubangijina Mode, na rubuta da hannuna ba tilas, ka adana don ba za ka sake gani ba.

Bayan gaisuwa, ka gai da Kawu, ka ce masa na gode da bai dube ni ba a gaban kwamiti, don da ya dube ni da na kasa. Kai shaida ne jawabin da na kwana uku ina tsarawa, mai shafi shida, bai fito daga aljihu ba. Abin da ya fito shi ne, "Ni ne Shaho. Matar nan gaskiya ta faɗa." Ban taɓa yin magana mai gajarta haka ba, kuma ban taɓa yin mai nauyinta ba.

Ba a kore ni ba, an dai raba ni da na'ura. Yanzu ni ne mai kula da irin albasa a nan, inda kwas ɗin Kaduna ke taimaka mini wajen korar awaki. Malama Ramatu an cire sunanta daga jeri. Na ji kai an ba ka gargaɗi, Husaini kuma an gyara masa maɓalli, shi ya fi kowa cin riba.

Ranar Asabar na ɗaure batirin da nake kunna rediyon gidana da shi a bayan keke na tafi Horo Birni. Malama Ramatu ta karɓa, ta haɗa wayoyin, ba ta ce na gode ba, kuma ban ga dalilin da za ta ce ba. Ta nuna mini na'urarta. Ba ta kai rabin tawa ba, eriyarta a ɗaure take jikin gora.

Ta ce, "Ka san na haddace gaisuwarka? In na saki maɓalli in ji ko an amsa, kai nake ji. Ina gajiya, ina ɗawainiya, yaya tumaki. Wata rana har na ce, wannan mutum da zai tambayi yaya Horo Birni, da na samu shiga."

Na ce, "Malama, ban ji ki ba."

Ta ce, "Na sani. An gaya maka dai."

Muna cikin haka wata mata mai suna Laraba ta shigo da 'yarta a goye. Ta ga baƙo da hula, ta durƙusa ta shiga gaishe ni, gaisuwa cikakkiya irin wadda nake so, har da mutanen gida da hanya. Na amsa, "Lafiya lau, alhamdu lillahi." Sai ta tsaya. Ta karkata kai ta ce, "Malama, wagga murya ai ta cikin akwati ce." Ashe matan da ke jiran magani duk a kan tabarma suke zama suna jina.

Ba ta zage ni ba. Ta kwance goyon ta juyo da yarinyar, Rahamatu, 'yar shekara uku. Ta tashi daga ƙyandar, amma idonta na hagu ya yi fari fat. Malama ta ce ko da maganin ya zo ba ta da tabbacin zai tsira, Allah ne masani. Na so ta ce tabbas ba zai tsira ba. Ba ta ce ba.

Laraba ta ce, "Ashe kai ne. Ranar nan ina nan zaune da ita tana zafi kamar garwashi. Bari in faɗa maka yadda munka yi."

Mode, ni da na gai da kakanni bakwai ban yi tuntuɓe ba, sai na cire hula na zauna a ƙasa. Ta yi magana tun hantsi har aka kira azahar, ban sa baki ba, kuma duk abin da ta faɗa na ji shi.

Wassalam.
Na'Allah